Adireshin da Baki Zai Iya Faɗa: Yadda Ake Tsara Rumfunan Shafin Intanet

Ina gaida mutanen Baleyara da dukan Tagazar. Ina gaida mutanen Filinge da ƙasar Kurfey baki ɗaya, da na Bonkuku, da na Damana, har Abala. Wanda ke gona, sannu da aiki. Wadda ke tsakar gida, sannu da hidima. Direban da ke kan hanyar Yamai, Allah ya kai ka lafiya.

Yau maganarmu a kan adireshi take, adireshin shafin intanet. Kun san shi, ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne ɗan rubutun nan da ake turo muku ta WhatsApp. Ku taɓa shi da yatsa, ya kai ku ga wani labari, ko hoto, ko murya. Masu jin Faransanci na ce masa liyan. Masu sana'ar kwamfuta na ce masa U-R-L. Mu a nan adireshi za mu ce.

Wani zai ce, to ni ina ruwana, tunda ko kwamfuta ba ni da ita? Dakata, malam. In kana cikin ƙungiyar makiyaya, ko ta manoma, ko ke baiwar Allah kina cikin ƙungiyar mata masu lambu, wata rana za a zo taro a ce a buɗe wa ƙungiya shafi. Za a ɗebi kuɗi daga asusunku a biya wani matashi mai ilimin abin. Kuɗinku ne. Ya kamata ku san abin da za ku tambaye shi. Shi ma matashin, in yana saurare, akwai rabonsa a cikin shirin nan.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu. Adireshi na ƙwarai, baki yana iya faɗinsa, kuma ba ya canzawa. Ku ji kuma: baki yana iya faɗinsa, kuma ba ya canzawa.

Shirin kashi huɗu ne. Ga na farko: yaya adireshi yake?

A shekarar 1989, wani ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. A can ya ƙirƙiro yanar gizo. Ginshiƙin dabararsa shi ne, duk abin da aka ɗora ya samu adireshinsa shi kaɗai. Mai adireshin nan a hannu, ko yana Filinge ko yana Makka, abu ɗaya zai gani.

Adireshi gaɓa biyu gare shi. Bari in ƙirƙiri ɗaya don koyarwa kawai: misali.ne/bisashe. Da baki za mu ce, misali, ɗigo, n, e, sanda, bisashe. Sandar nan ƴar karkatacciya ce, masu sana'a na ce mata silash.

Gaɓar farko, wato misali ɗigo n e, ita ce sunan shafin gaba ɗaya. Ana ce mata domen. Haruffan n da e na Nijar ne, kamar yadda n da g suke na Najeriya. Wannan suna haya ake yi, ana biya duk shekara. Gaɓa ta biyu kuwa, duk abin da ya biyo bayan sanda, naku ne. Ba a biyan ko dala a kansa. Ku za ku tsara shi yadda kuka ga dama. Kuma a nan ne mafi yawan ɓarna take faruwa, don abin da ba a biya ba, ba a cika zama a yi shawara a kansa ba.

Mu shiga kashi na biyu: raba kaya iri-iri.

Ku zo mu shiga kasuwar Baleyara ranar Lahadi. Ga motoci daga Yamai, tafiyar kilomita kusan 100. Ga Zabarmawa, ga Hausawa, ga Abzinawa, ga Fulani. Jama'a maƙil. Amma kun taɓa ganin mai neman raƙumi yana yawo tsakanin masu gero? Ko mai neman tabarma ya kutsa cikin shanu? A'a. Bisashe da wurinsu. Hatsi da wurinsa. Masu tabarmi da ƙorai da nasu layin. Ko baƙo ne ya sauka, kalma ɗaya za a faɗa masa, ya kama hanya. Da a ce an zube komai wuri guda, awaki cikin buhunan wake, da kasuwar ba ta ci ba.

To haka shafin intanet yake. Akwai wata manhaja da ake gina shafuka da ita, sunanta WordPress. Ta fito a 2003, kuma yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su. In ka buɗe ta sabuwa, rumfa biyu za ka tarar. Ɗaya ta labarai, masu zuwa suna wucewa. Ɗaya ta shafuka tsayayyu, irin wanda ke bayyana ko ku su wane ne. Shi ke nan.

Amma ƙungiyar makiyaya ba labari kaɗai gare ta ba. Tana da bisashen sayarwa. Tana da farashin kowace Lahadi. Tana da muryoyin faɗakarwa da aka naɗa. Tana da sanarwar rigakafi. Sa ba labari ba ne. Sa yana da iri, da shekaru, da nauyi, da hoto. Farashi yana da rana, da kasuwa, da ma'auni, ko tiya ko buhu. Kowanne da siffarsa. Shi ya sa a 2010, da fitowa ta 3.0, WordPress ta sauƙaƙa wa mai gini ya kafa rumfar kansa. Wannan shi ake kira nau'in kaya na musamman. Ma'anarsa, ka ware wa kowane irin abu wurinsa, da sunan wurin.

Sunan nan shi ke shiga adireshi. Ku saurara: misali.ne/bisashe/sa-azawak-bakwai. Wato misali, ɗigo, n, e, sanda, bisashe, sanda, sa azawak bakwai. Ko ba ka taɓa ba, ka san inda za a kai ka. Wurin bisashe ne, sa ne, irin Azawak ɗin nan da aka san tashar kiwo ta Tukunus da shi. Haka kuma misali.ne/farashi, ko misali.ne/murya. Kuma in ka tsaya a sanda bisashe, ba ka ƙara komai ba, ya kamata ka ga jerin dukan bisashen da ke akwai.

Yanzu ku ji adireshin da na'ura ke bayarwa in ba a tsara mata ba: misali, ɗigo, n, e, sanda, alamar tambaya, p, alamar daidai, 4817. Wa zai riƙe wannan? Ni da nake gaban makirfo, in na karanta shi, kafin ka nemo alƙalami ya tsere maka. A ƙasarmu labari da baki yake tafiya. Da rediyo yake tafiya, da saƙon murya, da hira a tasha. Mutane da yawa ba sa karatun boko, ɗa ko jika ke danna musu salula. Adireshin da tsoho ba zai iya faɗa wa jikansa ba, an rufe wa tsohon nan ƙofa.

Sai dai a yi adalci. Adireshin lamba yana da halin kirki guda: ba ya canzawa. Shafuka da yawa a ƙasashe masu amfani da Faransanci an gina su da wata manhaja mai suna SPIP, wadda ta fito a Faransa a 2001. Za ka ga adireshinsu da lamba yake ƙarewa. Ba shi da daɗin faɗa, amma muddin shafin na raye, lambar na nan inda aka bar ta. In da za a tilasta mini zaɓi, gara mummunar lamba mai ɗorewa da kyakkyawan suna mai sauyawa duk wata. Amma ba dole a zaɓa ba. Ana iya haɗa biyun: baki ya faɗa, kuma ya ɗore.

Masu saurare, mun zo kashi na uku, kuma a nan za mu daɗe. Me ake sawa cikin adireshi, me ake bari waje?

Doka ɗaya ce. Duk abin da zai iya sauyawa gobe, kada ya shiga adireshi.

Ga misali daga nan gida. Kafin 2011, Baleyara a ƙarƙashin gundumar Filinge take. Abala ma haka. A watan Agusta na 2011 aka yi doka, gundumomin Nijar suka tashi daga 36 zuwa 63. Baleyara ta zama gunduma mai cin gashin kanta, Abala ma ta zama. To a ce wani ya gina shafi a 2010, ya jera adireshinsa haka: jihar Tilaberi, sanda, gundumar Filinge, sanda, Baleyara, sanda, kasuwa. Shekara ɗaya tak, adireshin ya zama ƙarya. In ya bar shi, yana faɗin abin da ba haka ba. In ya gyara, duk wanda ya ajiye tsohon ya ɓata. Alhali kasuwar ba ta gusa ko taki ɗaya ba. Da ya rubuta kasuwa, sanda, baleyara, da har yau yana zaune lafiya. Tsarin mulki yana sauyawa. Sunan gari ya fi shi daɗewa. Ku sa sunan gari, ku bar gunduma a cikin rubutun shafi, inda gyara ba ya ɓata komai.

Kuɗi ma haka. Kada a rubuta rago-jaka-tamanin a adireshi. Kowa ya san kuɗin rago ana saura mako biyu Layya daban yake da kuɗinsa bayan Salla. Kalmomi irin su sabo, ko na bana, ko an sayar, duk a bar su waje. Sabon yau tsohon gobe ne, adireshi kuwa yana nan.

To kwanan wata fa? Ya danganta. Farashin kasuwa na mako, ranar ce sunansa. Farashin Lahadi 5 ga Janairu 2025 ba zai taɓa zama na wata rana ba. Don haka farashi, sanda, baleyara-2025-01-05 daidai ne. Shekara a gaba, sai wata, sai rana, don su jeru da kansu. Amma bayani a kan yadda ake adana wake, ko yadda ake shuka kwambitar irin ta Bonkuku, wannan ba ya tsufa da wuri. Kada a maƙala masa shekara, mutane su ɗauka ya wuce.

Akwai kuma abin da nake roƙo da babbar murya. Kada sunan mai dabba ya shiga adireshi. Kada lambar wayarsa ta shiga. Kada sunan rugarsa ya shiga. Kun san halin da yankinmu ke ciki game da satar bisashe. Adireshi yana yawo daga waya zuwa waya, ba ka san hannun da zai faɗa ba. Ko ka goge shafin, adireshin na nan cikin wayoyin mutane. A ba dabba lamba, a bar sunan mai ita cikin littafin ƙungiya.

Sai maganar rubutu. Sunan garin nan namu na Baleyara, wani ya rubuta shi da l ɗaya, wani da l biyu, wani ya sa a inda wani ya sa e. Filinge, da Faransanci akwai u, akwai kuma ƴar alama a kan e. Kurfey, wani o da u yake sawa bayan k. Mutum ya san duk wuri ɗaya ne. Na'ura ba ta sani ba. Harafi ɗaya ya bambanta, adireshi ya zama wani. Don haka ku zauna, ku zaɓi rubutu ɗaya, ku rubuta shi a takarda, kowa ya bi. Ku ɗauki mafi sauƙi, wanda mai ji zai iya rubutawa ba tare da tambaya ba.

Ga ƴan ƙa'idoji, da sauri. Ƙananan haruffa kawai. Kada a bar fili tsakanin kalmomi, don na'ura takan cike filin da alamar kashi cikin ɗari da lamba 20. A sa karan ɗori, wato ɗan gajeren layin nan na tsakiya. Kalma uku ko huɗu sun isa. Ku tuna saƙon waya na rubutu harafi 160 yake ɗauka, dogon adireshi shi kaɗai sai ya cinye rabi.

Yanzu haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Ina son haruffan nan. A cikin rubutun shafi, a kanun labari, ko'ina, a rubuta su daidai, haƙƙin harshenmu ne. Amma cikin adireshi akwai matsala. In ka kwafi adireshi mai ƙ ka tura, sau da yawa sai ƙ ɗin ta rikiɗe ta zama alamomi shida: %C6%99. Haka ɗ takan koma %C9%97. Kalma mai lanƙwasa biyu ta zama tarkacen da ba mai iya karantawa, balle faɗa. Ga shi kuma wayoyi da yawa ba su da haruffan a allon rubutu. Shawarata, a adireshi kaɗai, a sa k da d da b marasa lanƙwasa. Kudi a maimakon kuɗi, kowa zai gane. Inda cire lanƙwasa zai juya ma'ana, kamar ƙasa da kasa, sai a nemi wata kalmar.

In shafin da harshe fiye da ɗaya zai yi magana, kuma a Baleyara ya kamata ya yi, to a yanke wannan tun ranar farko. Akwai gajerun alamomi da duniya ta amince da su: h a na Hausa, d j e na Zabarmanci, f r na Faransanci. Alamar harshe ita ke zuwa farko bayan sunan shafi, sannan rumfa. In aka bari sai bayan shekara biyu, gyaran zai taɓa kowane adireshi.

Mu maimaita dokar kashi na uku. Abin da zai iya sauyawa gobe, kada ya shiga adireshi.

Kashi na huɗu naka ne, kai matashi mai gini, ke ma ƴar'uwa mai gini. Iyaye, ku yi mana haƙuri na ƴan mintoci, amma kada ku kashe rediyo.

A cikin WordPress akwai wurin saiti, a cikinsa akwai shafin adireshi mai ɗorewa, wanda masu Faransanci ke kira permaliyan. Ka lura, abin da ka zaɓa a can labarai yake tsarawa. Sunan sabuwar rumfarka ba a can ake sa shi ba. Ana sa shi ne lokacin da kake rajistar nau'in, ko da rubutun manhaja, ko da ƙarin manhaja irin Custom Post Type UI. A nan za ka ba rumfar laƙabinta na adireshi, kamar bisashe. A nan kuma za ka kunna shafin jeri, don sanda bisashe ta nuna duk abin da ke ciki.

Tarko uku ke kama sababbin magina. Na farko, ka kafa rumfa, ka taɓa adireshi, sai ka ga 404. Lambar nan ma'anarta ba a samu ba. Kada hankalinka ya tashi, aikinka bai lalace ba. Manhajar tana bin tsohon jerin hanyoyi ne. Koma shafin permaliyan, danna maɓallin ajiyewa ko ba ka canza komai ba, sai ta sabunta jerin.

Na biyu, in ka sa wa labaranka kalmar labarai a gaba, manhajar za ta liƙa wannan kalma a gaban sabuwar rumfar ma. Sai ka ga labarai, sanda, bisashe. Akwai zaɓi a wurin rajista da ke hana wannan. Ka kashe shi tun farko.

Na uku, kada rumfa da shafi tsayayye su yi suna ɗaya. In kana da shafi mai laƙabin farashi, ka kuma kafa rumfa mai laƙabin farashi, ɗaya zai danne ɗaya. Haka in abu biyu suka yi suna ɗaya cikin rumfa, manhajar za ta ƙara wa na biyun lamba 2, na ukun lamba 3. Gara kai ka ba su lamba mai tsari da hannunka.

To in canji ya zama dole fa? Yakan faru. Ka sani dai, ranar da ka sauya laƙabin rumfa, duk adireshin da ke ƙarƙashinta ya sauya a lokaci guda, ko ɗari ne ko dubu. Duk wanda aka tura ta WhatsApp, duk wanda aka buga a takarda, duk wanda aka karanta a rediyo. Maganinsa shi ake kira juyawa ta 301. Ɗan kasuwa in ya tashi daga rumfa, yakan bar wa maƙwabci saƙo, duk wanda ya zo a nuna masa sabon wuri. To 301 ita ce saƙon nan. Mai tsohon adireshi ya taɓa, na'ura ta miƙa shi sabon ba tare da ya sani ba. Akwai ƙarin manhaja mai suna Redirection da ke wannan aiki. Ka kafa juyawar kafin ka yi canjin, ka gwada da wayarka, kuma ka bar ta a wurin. Ba a cire ta bayan wata ɗaya.

Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu. A 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta duba shafukan da suke raye a 2013. Ta tarar kashi 38 cikin 100 ba a samunsu bayan shekara 10. Shi kansa Tim Berners-Lee tun 1998 ya yi rubutu yana jan kunnen magina a kan sauya adireshi. Inda takardu suka yi yawa, in shafi ya ɓace akwai wani wurin dubawa. Mu kuwa, rubutun Hausa da na Zabarmanci a intanet kaɗan ne. Farashin gero na shekara biyar da wata ƙungiya ta tara, ko muryar wani dattijo yana bayanin cutar shanu, in adireshinsu ya mutu, da wuya a samu na biyu.

Don haka shugabannin ƙungiyoyi, da ma'aikatan magajin gari, da shugabannin makarantu, ga roƙona. Kafin ku miƙa wa mai gini kuɗi, ku ce ya rubuto muku takarda ɗaya. Ya jera rumfunan da zai kafa, da misalin adireshi ɗaya na kowace rumfa. Ku sa a karanta su da ƙarfi a gaban taro. Wanda dattijon da ke zaune a baya bai iya maimaitawa ba, a sake shi tun ba a fara gini ba. Ku tambaye shi kuma da sunan wa aka yi hayar domen, da watan da ake sabunta ta. Ta kasance da sunan ƙungiya, kuma ma'aji ya rubuta watan a littafinsa. Ku adana takardar nan tare da takardun ƙungiya, don duk wanda zai karɓi aikin nan gaba ya tarar da ita.

Nan za mu tsaya a yau. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya kiyaye mana dukiya da lafiya.